Lauz Bakwai a Aljihun Garba

Ranar da 'ya'yan bishiyar suka fara nuna suna faɗowa, Inna Uwani tana tsakar gida tana tankaɗe yashin suyar gyaɗa. Ɗaya ya faɗo dab da ƙafarta. Ta ajiye rariya ta ɗauka, ta juya shi, ta sake juyawa. Shekara biyar take jiran wannan rana, amma abin da ke hannunta bai yi mata kama da abin da take jira ba. Ja-ja ne, ga tsoka a jikinsa, ga kaifi-kaifi a gefe biyu kamar ɗan kwalekwale. Ta shiga ɗaki ta jawo adaka daga ƙarƙashin gado, ta kwance wani ƙullin tsumma da ba ta taɓa kwancewa a gaban kowa ba, ta fito da ƙwaya biyun da ke ciki, ta jera su da wanda ya faɗo a kan faifai.

Ko makaho ya shafa ya san ba uwarsu ɗaya ba.

Ga yadda abin ya samo asali. Mijinta Garba direban babbar mota ne. Ya tafi aikin Hajji, bayan an sauko daga Arfa zazzaɓi ya kama shi, can aka binne shi. Abokin tafiyarsa ne ya kawo mata jakarsa. A aljihun jallabiyarsa ta sami ƙullin takarda, a ciki ƙwaya bakwai na wani ɗan itace da ba ta taɓa gani ba. Kowanne bai wuce gaɓar babban yatsa ba, busasshe, ruwan ƙasa-ƙasa, da tsini a kai ɗaya, ɓawonsa duk huji-huji kamar an caccaka da allura. Wanda ya kawo jakar ya ce mata lauz ne sunansa, Larabawa suna ji da shi.

Garba kuwa, duk unguwar Gyaɗi-Gyaɗi an sani, ba ya shan mangwaro ya yar da ƙwallo. Kowane gari ya kai kaya sai ya dawo da iri a aljihu, ya tona gefen gida ya binne, rabi su mutu, bai taɓa daddara ba. To mutum irin wannan a sami ƙwaya bakwai ƙulle a aljihunsa, me za a ce? Iri ne. Ya yi niyyar shukawa, kwana ya ƙare. Uwani ba ta tambayi kowa ba, ko lasa ba ta yi ba. Tana fita takaba ta ɗauki biyar ta kai wa Haruna mai dashe, wanda yake jera tsirrai a baƙar leda a bakin titin Gidan Zoo, ta ce ya tsirar mata da su. Biyu ta ajiye don gani. Bayan wata biyu Haruna ya miƙo mata leda ɗaya da ɗan tsiro mai ganye huɗu, ya ce shi kaɗai ya yi.

Ta dasa shi a tsakar gida kusa da ɗakin 'yarta Huraira, malamar firamare, wadda mijinta yake aiki a Fatakwal take zaune tare da ita. Ta yi masa shinge saboda akuya. Ranar da famfo ya ɗauke, ruwan shanta take ragewa ta zuba masa. Bishiya ta tashi, rassanta suka baje hawa-hawa kamar lema, ganye fala-fala. Duk wanda ya shigo sai Uwani ta gaya masa: wannan daga Makka ta zo, a aljihun Garba. Matan unguwa suka riƙa zuwa roƙon ganye, su dafa su yi wa jarirai wanka saboda albarkar ƙasa mai tsarki. Har daga Darmanawa an zo. Ba ta taɓa hana kowa ba.

Sai jijiya ta bi ta ƙarƙashi ta ɗaga siminti, ta tsaga bangon ɗakin Huraira tun daga ƙasa har taga. Magini ya zo ya duba, ya ce magana ɗaya ce: ko a sare bishiya kafin damina ta kankama, ko bango ya zube a kan mai ɗakin. Uwani ta ce Huraira ta dawo ɗakinta su kwana tare, bango ya zube in ya ga dama, ba mai taɓa itacen Garba. Sati uku uwa da 'ya ba sa doguwar magana. Ana cikin wannan ne ɗan bishiyar ya faɗo.

Tana tsugune gaban faifai maƙwabciyarta Nkemdilim, wadda kowa ke kira Maman Ekene, ta shigo karɓar gyaɗar da take sarowa don shagonta. Shekara ashirin tana Kano, Hausa a bakinta kamar 'yar cikin gari. Ta leƙa faifan ta yi dariya.

"Inna, furut ɗinki ya nuna ke nan."

"Wane furut?"

"Wannan mana. A garinmu duk makaranta akwai shi. Mu sha tsokar bayan, mu fasa ƙwallon da dutse."

Uwani ta ce mata garinsu daban, Makka daban. Maman Ekene ba ta yi musu ba, ta ɗauki dutsen niƙa, ta ɓare tsokar, sai ga wani ƙwallo mai zare-zare kamar na goruba. Sai da ta buga sau shida ya fashe. Abin da ke ciki ɗan siriri ne dogo, bai kai rabin ƙaramin yatsa ba, a nannaɗe kamar ganyen taba. Ta jefa a baki ta tauna ta ce ai ko ɗanɗanon ma shi ne.

Da Huraira ta dawo daga makaranta Uwani ta tare ta tun daga zaure. Huraira ta dubi faifai, ta dubi ƙasa, ta ce gaskiya ta daɗe tana ganin ganyen ya yi kama da na wasu bishiyoyi biyu da ke harabar makarantarsu, amma ta ɗauka ko kama ce kawai. Uwani ta ce wato shekara biyar tana kallon uwarta tana yi wa mutane rantsuwa, ita tana kama baki. Huraira ta ce to da ta faɗa, wa zai saurare ta? Wannan ma gaskiya ce, kuma ita ta fi ƙona wa Uwani rai.

Da la'asar ta ɗauki faifai ta tafi wajen mai unguwa. Dattijo ya sa tabarau ya duba, ya ce shi bai ga abin tashin hankali ba, ƙasa ce. Ya ce albasar da ake shukawa a fadama da wadda ake shukawa a tudu ba girmansu ɗaya ba, kuma ko Balarabe in ya daɗe a Kano jikokinsa da wuya ka bambanta su da namu. Itacen da ya saba da rairayin Makka aka kawo shi ya sha ruwan famfon Kano shekara biyar, dole ɗansa ya yi ƙiba ya canza kama. Uwani ta dawo gida da wannan magana tana juya ta. Maganar ta shiga kunne. Amma ita mai suyar gyaɗa ce shekara talatin, ta san gyaɗar jigawa ta san ta fadama, ta san mai ja ta san mai fari, kuma ba ta taɓa ganin ƙasar da ta mai da gyaɗa gurjiya ba.

Washegari da hantsi ta isa wajen Haruna. Ta same shi yana ba dashen lemo ruwa. Yana hango faifan ya ajiye bokiti, ya durƙusa ya gaishe ta gaisuwar da ta wuce ƙima, ya tambayi Huraira, ya tambayi akuya. Ta ce ba gaisuwa ta kawo ta ba, ya dubi wannan ya dubi wannan ya gaya mata abin da ya ba ta. Haruna ya share gumi ya ce ai itace sai a hankali, wani sai haihuwa ta uku yake nuna ainihin kamarsa, ta ƙara masa shekara biyu. Ta ce bango ba zai ƙara shekara biyu ba. Ya ce to Allah ya kyauta. Ta ce amin, amma ba a nan za ta tsaya ba.

Lokacin sati uku ke nan da soja suka miƙa mulki. Rediyo kullum sai faɗi yake yanzu talaka yana da inda zai kai kuka. Kansilan mazaɓarsu ma Ɗahiru ne, ɗan Malam Audu tela, yaron da ta sha kora daga bakin kaskonta. Uwani ta ce bari ta gwada wannan farar hular ta ga ko tana aiki. Ta yafa mayafi, ta ɗaure faifai a ɗankwali, ta taka har sakatariya a Tarauni.

Mutane cike a baranda, mai neman aiki, mai neman famfo, mai neman a kwashe bola, kowa sai Honorabul yake kira. Ita ta kutsa ta ce, "Kai Ɗahiru, ƙara na kawo." Ya miƙe ya ba ta kujerarsa. Ya saurara har ƙarshe, hannu a haɓa, sannan ya tambaye ta wa take ƙara. Ta ce abin da ta zo a gaya mata ke nan. In Haruna ya musanya mata itace, shi take ƙara. In ƙasa ce ta canza shi, to a rubuta mata a takarda ta nuna wa Huraira da magini su ƙyale ta.

Ɗahiru bai taɓa ganin lauz ba. Ya ce wannan aikin masana ne, ya kai ta ofishin malamin gona, wani siririn mutum mai suna Malam Junaid, ya kuma aika a kira Haruna.

Malam Junaid ya ji daɗin zuwansu, da alama ya kwana biyu ba wanda ya tambaye shi komai. Ya ɗauko rula ya auna tsawon lauz ɗin da faɗinsa da kaurinsa, ya rubuta. Ya auna ƙwallon bishiyar, ya rubuta. Ya sauko da wani littafi mai kauri ya buɗe, ya shiga bayani. Ya ce lauz ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai ɓawo sakayau da yatsa ma yake fasawa, akwai mai taurin da sai da guduma. Akwai dogo mai faɗi, akwai gajere dunƙulalle. Wani ɓawonsa sumul, wani huji-huji irin nata. Wani in ka fasa ka sami tagwaye a ciki. Akwai mai zaƙi, akwai mai ɗacin da ba ya ciwuwa. Kuma iri ɗaya ma, in ya sami ruwa sosai ƙwayar ta cika ta yi nauyi, in ya sha fari ta motse ta yi tamoji, in ƙasa mai duwatsu ce ɓawon ya ƙara tauri.

Uwani ta ce, "To wannan nawa wanne ne a ciki?"

Ya ce na ƙullin tsumma dai mai sakayau ɗin ne, dogo.

"Na bishiyar fa?"

Ya ce shi wannan bai gan shi a shafin ba.

"Ƙasa tana iya mai da wancan ya zama wannan?"

Malam Junaid ya gyara zama ya ce a iya karatunsa a'a, domin lauz itacen ƙasar sanyi ne, anya ma zai haihu a Kano. Amma kuma shi bai taɓa ganin bishiyar lauz a tsaye da idonsa ba, sai a hoto, hoton ma baƙi da fari, saboda haka ba zai rantse ba. Uwani ta dubi Ɗahiru. Ta shigo da tambaya ɗaya, yanzu ga lauz kala bakwai ko takwas suna yawo a kanta, kuma mai littafin ya ƙi rantsuwa. Ɗahiru ya ce ko a kafa kwamiti. Ta ce ya kafa a gidan ubansa, ita hadari take gani a gabas.

Sai Malam Junaid ya ce hanya ɗaya ta rage: a fasa ɗaya daga cikin biyun a ga cikinsa, a gwada da na bishiyar.

Uwani ta dubi ƙwayoyin nan biyu. Shekara biyar ba wanda ya taɓa su sai ita. Ta ɗauki ɗaya ta riƙe, ta mayar, ta ɗauki ɗayan. Ta ce ba mai fasawa sai ita. Ta sa shi tsakanin yatsu ta danna kamar yadda take ɓare gyaɗa, ɓawon ya ruguje nan take. Ƙwayar ciki mai faɗi ce, da tsini, fatarta da layi-layi, ta yi duhu ta motse saboda daɗewa. Ba ta haɗa komai da ɗan siririn nan na bishiya ba. Wani farin gari ya maƙale mata a yatsa. Hannu ya riga tunani, ta kai baki ta lasa, yadda take yi sau ɗari a rana a bakin kasko.

Gishiri.

Ta gutsiri ƙwayar. Ta yi maƙaƙin tsohon mai, amma a ƙarƙashin maƙaƙin akwai abin da ba wanda zai koya mata. An jiƙa shi a ruwan gishiri an soya, suyar ma ta wanda ya iya, wuta ba ta yi yawa ba.

Malam Junaid yana tambaya me ta ji, sai Ɗahiru ya ɗauki ɓawon ya lasa ya ce ai wannan soyayye ne, ya fara dariya, ya dubi fuskarta ya haɗiye. Ba wanda ya tsaya yi mata bayanin ko soyayyen abu yana tsira.

A nan Haruna ya shigo, hula a hannu. Ya ga ɓawo a kan tebur, ya nemi gefen bango ya tsuguna.

Uwani ta ce, "Yaushe ka sani?"

"Tun ranar, Inna. Ina jiƙa su na ga ruwan ya yi gishiri."

"Shi ne ka rufe bakinka ba ka gaya mini ba?"

"Na shuka su duk da haka, wallahi. Sati uku ina ba su ruwa. Tururuwa ce ta cinye."

Ya ce bayan kwana bibbiyu take zuwa ta tsaya a kansa tana tambaya ko sun tsira, ga ta ta rame, idonta duk ya faɗa. Sau uku yana shirya maganar a bakinsa, in ta iso sai ya kasa. Rannan ya duba cikin dashensa ya zaɓi wanda ya fi kowanne lafiya ya ba ta. Ya ɗauka akuya za ta cinye shi kafin shekara, kowa ya huta. Ina ya san za ta yi masa shinge?

"Wa ya sa ka ji tausayina? Na roƙe ka?"

"Ba ki roƙe ni ba, Inna."

"Matan da suka yi wa 'ya'yansu wanka fa? Da bakin wa aka yi musu ƙarya, naka ko nawa?"



Ɗahiru ya ce to ga mai laifi ya amsa, ta faɗi abin da take so a yi masa. Tun daga gida Uwani ta taho da fushinta a shirye, ga kuma wanda za ta sauke wa a tsugune, amma fushin ya ƙi tafiya wuri ɗaya. Wani ya nufi Haruna. Wani ya nufi Garba, da ya sayi abin taunawarsa a bakin hanya ya ci ya rage bakwai, ya ƙulle kamar wani abin kirki. Ko tsaraba ya rago mata, ya ce bari mai suyar gyaɗa ta ji yadda Larabawa suke tasu suyar? Ko mantawa kawai ya yi da su a aljihu? Ba mai gaya mata. Mafi yawan fushin kuwa kanta ya dawo, ita da ko a cikin barci aka sa mata ƙwaya a harshe za ta faɗi ɗanya ce ko soyayya.

Daga ƙarshe ta ce abu biyu. Haruna ya zo ƙofar gidanta ranar Asabar ya faɗa da bakinsa a gaban matan unguwa. Sannan shi da ya ba ta itacen, shi zai sare shi da hannunsa. Ɗahiru ya ce a rubuta. Malam Junaid ya tambaya ko za ta bar masa ragowar ɗayan don nuna wa ɗalibai, ta ce ya je Makka ya sayo nasa.

Asabar da safe Haruna ya zo da gatari da igiya. Mata sun fi goma a zaure da ƙofar gida, Maman Ekene a gaba. Ya tsaya ya faɗa, bai rage komai ba, ya ce Inna Uwani ba ta san komai ba, shi ya yi. Uwani ta zaci za a yi salati a yi masa tofin Allah tsine. Sai wata ta ce ita dai ƙurajen ɗanta da ganyen nan suka warke, a ce mata me? Wata ta ce dama ita tun farko ta yi shakka. Wata ta ce to ai niyyar Makka aka yi, ko albarkar ba ta bin niyya? Musu ya kaure tsakaninsu, aka manta da Haruna. Biyu ma suka roƙa a bar su su tsinki ganye kafin a sare. Uwani ta dube su, ta ce su tsinka, ita ta daina gane komai.

Haruna ya hau ya daddatse rassa, Huraira tana janyewa gefe. Kafin azahar gangar jikin ta kwanta. Rana ta sauko tsakar gidan gaba ɗaya, har kaskon suya da ya shekara uku a inuwa. Uwani tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ba ta ce a yi a hankali ba, ba ta ce a yi sauri ba. Huraira ta kawo mata ruwa ta zauna kusa da ita, Uwani ta karɓa ta sha.

Haruna ya goge gatari, ya zo ya durƙusa. Ya ce jijiyar da ta shiga bango zai tono ta yau, magini ya sami wurin aiki. Saura kututture. Furut yana da naci, in aka bar shi ruwa biyu za a yi ya tofo. In tana so ya mutu, sai a tara masa wuta.

"A ƙona, Inna, ko a bari?"

Ta dubi kututturen, fari sol, ruwa yana tsattsafowa ta saman.

"Na ce ka sare, ka sare. Ban ce ka yi mini tambaya ba."

Ya jira. Huraira ma ta jira. Uwani ta tashi ta jawo kaskonta zuwa gindin katanga inda 'yar inuwa ta rage, ta ce wa Haruna ya tono jijiyarsa ya tafi, in ta san amsar za ta aika masa, kuma kada ya ɗauka sun shirya.